Idan alamomin File Explorer sun koma farare

Ma'aikaci kan kunna kwamfuta ya tarar alamomin File Explorer sun koma fararen takardu, hankalinsa ya tashi, har ya kai ta a goge komai. Galibi fayilolin suna nan lafiya. Windows na adana hotunan alamomin a ma'ajiyar IconCache, wadda kan lalace idan kwamfuta ta mutu ba zato, misali aka ɗauke wuta.

A Windows 10 da 11, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta ie4uinit.exe -show, a danna Enter, sannan a sake kunna na'urar.

Idan kuwa alama ɗaya ce ta ƙi buɗewa, wataƙila an matsar da foldarta ko an sauya mata suna. Sai a cire alamar, a maƙala sabuwa.