Contra: daga Japan zuwa zaurukan Maradi

 Yau shirinmu na kan wasan Contra.

Duk wanda ya tashi a shekarun 1990 zai tuna sojojin nan biyu marasa riga, ɗaya da shuɗin wando, ɗaya da ja, suna ta ɓarin wuta a daji. Sunansu Bill da Lance. Kamfanin Konami na Japan ne ya fito da wasan a 1987, a cikin wani dogon akwati da ake ajiyewa a gidajen wasa, sai ka jefa kwabo kafin ya tashi.

Kai shi cikin gidajen mutane shi ne babban aiki. Kamfanin Ocean na Ingila ya ɗauki nauyin sa shi a ƙananan kwamfutoci, da sunan Gryzor. Cikinsu akwai Amstrad CPC 464, wadda ta fito a 1984 kuma ta karɓu sosai a Faransa. Ƙwaƙwalwarta kilobait 64 ce kacal, hoto guda na wayar salularka ya fi ƙarfinta. A kaset ake sayar da wasan, irin na rikoda. Ka sa shi, ka zauna minti da minti kafin ya gama shiga. Kuma da yake na'urar ba ta iya jan hoto sumul, sai mutanen Ocean suka yi dabara: soja na kaiwa bakin allo, sai fage ya sauya gaba ɗaya, kamar an buɗe sabon shafi. Ni kam ina jinjina wa masu wannan aiki, domin da ɗan abin da ke hannunsu suka fitar da wasan da har yau ake yabon launinsa.

Amma wanda ya iso mana nan Maradi, na na'urar Nintendo ne, na 1988. Shi ma galibi kwafinsa muka gani, a na'urorin kwaikwayo na Taiwan da Sin, da kaset ruwan ɗorawa mai alƙawarin wasanni dubbai, alhali kaɗan ne ake ta maimaitawa. Idan ya ƙi tashi, yaro ya zare shi, ya hura masa iska, ya mayar. Mutum biyu na riƙe da abin bugawa, goma na tsaye bayansu a gaban tele suna jiran layi, kowa na addu'ar kada kuran ya ɗauke.

Sai sirrin nan da ake dannawa a abin bugawa kafin a fara wasan: sama sau biyu, ƙasa sau biyu, hagu, dama, hagu, dama, B, A. Rai uku ya koma 30. Kazuhisa Hashimoto ne ya ƙirƙiro shi lokacin da yake aikin kai wasan Gradius na'urar gida a 1986, don wasan ya yi masa wuya wajen gwaji.

Wanda ya taɓa ƙure Contra da rai uku kacal, layinmu a buɗe yake, muna son jin ta bakinsa.