Gadon Wanda Aka Tafi da Shi Daji, da Abin da Ake Faɗa a Zaure

Tun da fitinar 'yan bindiga ta kafu a ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, har ta kai ga kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, mas'alolin gado waɗanda a da sai a bakin masu karatun fikihu ake jin su, sun zama zancen zaure da bakin kasuwa, inda gaskiya da ƙarya kan cakuɗe har mutum ya ci haram yana zaton hakkinsa ne.

Mafi haɗari a ciki shi ne faɗar da ake yi cewa, idan aka tafi da mutum daji ya shekara huɗu ba amo ba labari, to dukiyarsa ta zama ta magada. Shekara huɗun nan tana da asali, amma ba a wajen dukiya ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda littattafan Risala da Muhtasar suka tafi, wa'adi ne da alƙali kan yanka wa matar wanda ya ɓace bayan ta kai ƙara an yi cigiya ba a dace ba, sa'an nan ta yi idda. Amma gonarsa da shanunsa da gidansa suna nan a mulkinsa, ana ciyar da iyalinsa daga ciki, har sai adilai sun tabbatar da rasuwarsa, ko kuwa shekarunsa na haihuwa sun kai inda tsaransa ba su cika wucewa ba, wanda mashahurin zance ya ƙaddara da saba'in. Na san wannan hukunci da nauyi yake ga gidan da yunwa ta shiga, sai dai mun ga waɗanda aka fid da rai da su sun komo, kuma babu zaluncin da ya kai mutum ya kuɓuta daga hannun azzalumai ya tarar 'yan'uwansa sun sayar masa da gona. Haka kuma, in uba da ɗa suka rasu a hari guda, ba a san wanda ya riga wani ba, babu gado tsakaninsu. Kowanne rayayyun magadansa ne za su gaje shi.

Batun cewa mace ba ta gadon gona kuwa, al'ada ce kawai ta sa rigar addini. Tumunin matar mamaci, da rabon 'ya wanda yake rabin na ɗa, suna cikin ƙasa kamar yadda suke cikin kuɗi.

Akwai zance guda da mutane ke ƙyama alhali gaskiya ne: jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado muddin baffanninsa na raye. Maganin wannan shi ne wasiyya, wadda wasu ke gudu wai rubuta ta kiran ajali ne. Tana halatta a cikin sulusin dukiya ga wanda ba magaji ba, irin wannan maraya. Wadda aka yi wa magaji kuwa, ko wadda ta zarce sulusi, ba ta zartuwa sai da yardar sauran magada.

Wanda mamaci ya rubuta sunansa a takardar banki ko ta fansho bai mallaki ko kwabo ba saboda wannan rubutu. Bankuna kan nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotu, wanda ya karɓe ta kuwa amana ya riƙe, zai kai abin gaban kotun shari'a ko malami masanin fara'ili a raba. Kafin rabon ma sai an fid da kuɗin likkafani, a biya bashi, ko na taki ne, ko ragowar sadaki, ko wanda marigayin ya ci don fansar ɗansa, sa'an nan wasiyya. In kuwa akwai mai juna biyu cikin matansa, a dakata sai ta sauka.