Kaduna: Su wa ke bayan manufofin "a bar kasuwa ta yi halinta"?

A 'yan shekarun nan, muhawara a kan tattalin arziƙin Nijeriya tana ƙara karkata daga Abuja zuwa jihohi. Batun haraji da filaye da wutar lantarki da yawan ma'aikatan gwamnati duk sun zama abubuwan da gwamnoni da majalisun dokokin jihohi ke yanke hukunci a kansu. A bayan fage kuwa akwai cibiyoyin nazarin manufofi, waɗanda ba zaɓarsu aka yi ba, amma shawarwarinsu kan rikiɗe su zama doka.

Daga cikin waɗannan cibiyoyi akwai masu ra'ayin cewa gwamnati ta tsame hannunta daga harkar ciniki, ta rage haraji, ta sayar da kamfanoninta, ta bar kasuwa ta yi halinta. Kudancin birnin Kaduna, inda a da masana'antu suka yi cincirindo, na daga cikin wuraren da za a iya auna amfani da kuma illar wannan ra'ayi.

Asalin cibiyoyin

Wani ɗan kasuwa ɗan Birtaniya, Antony Fisher, shi ne ya kafa cibiyar Institute of Economic Affairs a London a shekarar 1955. Manufarsa ita ce a sauya tunanin malaman jami'a da 'yan jarida da 'yan siyasa, bisa imanin cewa in tunani ya sauya, doka za ta biyo baya. Ra'ayoyin cibiyar sun yi tasiri ƙwarai a gwamnatin Margaret Thatcher, wadda ta hau mulki a 1979.

A 1981 Fisher ya kafa wata ƙungiyar, wadda a yau ake kira Atlas Network, domin taimaka wa masu son buɗe irin waɗannan cibiyoyi a sauran ƙasashe. Ɗaruruwan cibiyoyi ne ke hulɗa da ita a sassan duniya.

Sai dai a Amurka ne aka fi ƙwarewa wajen mayar da hankali kan jihohi. Ƙungiyar State Policy Network, wadda aka kafa a 1992, ta haɗa cibiyoyi daga jihohin ƙasar a inuwa guda, ciki har da Mackinac Center ta jihar Michigan da Goldwater Institute ta jihar Arizona. Hujjarsu ita ce, shawo kan majalisar jiha ya fi shawo kan majalisar tarayya sauƙi, kuma abin da ya yi nasara a jiha guda, maƙwabtanta kan kwaikwaya.

Hanyoyi uku

Hanya ta farko ita ce bincike da yaɗa shi. Cibiya kan wallafa rahoto, ta tura jami'anta gidajen rediyo da talabijin, har batun ya zama ruwan dare a bakin jama'a.

Ta biyu ita ce rubuta daftarin doka. Ƙungiyar ALEC, wadda aka kafa a 1973, kan tara 'yan majalisun jihohi da wakilan kamfanoni su tsara ƙudurori na samfuri, sannan kowane ɗan majalisa ya ɗauka ya gabatar a jiharsa.

Ta uku ita ce kotu. Misalin da ya fi shahara shi ne shari'ar Mark Janus, wani ma'aikacin gwamnatin jihar Illinois. A watan Yunin 2018, kotun ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta yanke hukuncin cewa ba za a tilasta wa ma'aikacin gwamnati biyan kuɗi ga ƙungiyar ƙwadagon da bai shiga ba. Lauyoyin ƙungiyoyi masu irin wannan ra'ayi ne suka tsaya masa.

Ba kullum ake kwana a gado ba. Jihar Michigan ta kafa dokar rage ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago a 2012, amma aka soke ta a 2023 bayan da rinjaye ya sauya a majalisa. Jihar Kansas kuma ta zabtare haraji a 2012 da fatan tattalin arziƙi zai bunƙasa, sai giɓi ya mamaye kasafin kuɗinta, har majalisa ta janye akasarin rangwamen a 2017.

Masu sukar cibiyoyin na cewa da yawansu ba sa bayyana masu ba su kuɗi, don haka ba a sanin ko muradin jama'a suke karewa ko na kamfanoni. Su kuwa cibiyoyin na cewa sakaya sunan mai ba da gudummawa kariya ce gare shi daga bi-ta-da-ƙulli.

Yadda abin yake a Nijeriya

A Nijeriya ma akwai cibiyoyi masu wannan ra'ayi, kamar Initiative for Public Policy Analysis da ke Legas, wadda Thompson Ayodele ya kafa a farkon shekarun 2000. A Ghana kuma akwai IMANI, wadda Franklin Cudjoe ya kafa a 2004.

To amma wadda ta fi faɗa a ji ita ce ƙungiyar NESG ta manyan 'yan kasuwa, wadda ta samo asali daga taron ƙoli kan tattalin arziƙin Nijeriya da aka fara a 1993. A 2016 ta haɗa gwiwa da majalisar dokoki ta tarayya da wani sashe na ƙungiyar lauyoyi domin bitar dokokin kasuwanci, aikin da ya taimaka wajen samar da sabuwar dokar kamfanoni ta 2020.

A matakin jihohi kuwa, musamman a Arewa, Bankin Duniya da hukumomin ba da agaji na ƙasashen waje, irin su tsohuwar hukumar DFID ta Birtaniya, su ne suka fi taka rawar da cibiyoyin Amurka ke takawa. Sukan zo da ƙwararru da shawarwari, wani lokaci kuma da rancen da sai an cika wasu sharuɗɗa ake sakin kuɗinsa.

Abin da ya sa jihohi ke da muhimmanci a bayyane yake. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. Jihohi ne ke karɓar harajin albashi, su ne kuma ke ba da izinin gini. Mai son kafa masana'anta ba shi da makawa sai ya bi ta hannunsu.

Darasin Kakuri

Kafin a zo ga sauye-sauyen baya-bayan nan, ya kamata a tuna cewa masana'antun kudancin Kogin Kaduna ba kasuwa ce kaɗai ta gina su ba. Gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ita ce ta haɗa jari da kamfanin David Whitehead na Birtaniya aka kafa masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a Kakuri a 1957. Daga baya UNTL ta biyo da jarin 'yan kasuwar Hong Kong, sai Arewa Textiles da jarin Japanawa, a tsakiyar shekarun 1960. Kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980.

Kariyar gwamnati ce ta raya masaƙun, domin an daɗe ana taƙaita shigo da yadi daga waje. Unguwanni irin su Kakuri da Makera da Nasarawa sun cika da ma'aikata daga kowane lungu na ƙasar. A masaƙar Arewa ne Adams Oshiomhole ya fara gwagwarmayar ƙwadago, kafin ya zama shugaban ƙungiyar NLC a 1999.

Al'amura sun fara sauyawa da shirin SAP na 1986, wanda ya karya darajar naira, ya tsawwala kuɗin injuna da kayan gyara. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a 1995, aka kuma ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Ko da gwamnatin Obasanjo ta maido da haramcin a farkon shekarun 2000, atamfofin China sun ci gaba da kwararowa ta ɓarauniyar hanya daga Benin da Nijar zuwa Kantin Kwari a Kano. KTL ta rufe a 2002, Arewa ta bi sahu bayan 'yan shekaru, UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007. Dubban iyalai sun rasa abin dogaro, tsofaffin ma'aikatan KTL kuma suka shafe shekaru suna neman haƙƙoƙinsu.

Kowane ɓangare na kafa hujja da wannan tarihi. Ƙungiyoyin ƙwadago na cewa buɗe iyaka ba tare da shiri ba shi ne ya kashe masaƙun. Masu ra'ayin sakar wa kasuwa mara kuma na cewa kariyar da aka yi shekaru ana bayarwa ce ta sa kamfanonin suka yi sakaci da sabunta injuna, haramcin kuwa 'yan fasa-ƙwauri ya azurta, talaka kuma ya sayi zane da tsada. Suna nuni da asusun naira biliyan 100 da gwamnatin tarayya ta ware ta hannun Bankin Masana'antu a wajajen 2010, wanda bai maido da masaƙun kan ganiyarsu ba.

Abin da duka ɓangarorin suka amince da shi shi ne, rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai sun durƙusar da masana'antun, ko da kariya ko babu.

Gwajin da aka yi daga 2015

Malam Nasir El-Rufai, wanda ya shugabanci hukumar sayar da kadarorin gwamnati ta BPE daga 1999 zuwa 2003, ya zama gwamnan Kaduna a 2015. A zamaninsa ne jihar ta aiwatar da yawancin abubuwan da irin waɗannan cibiyoyi ke kira a yi.

An kafa hukumar KADIPA domin janyo masu zuba jari, da KADGIS domin rajistar filaye ta kwamfuta. Dokar haraji ta 2016 ta tattara haraje-harajen jihar a kundi guda, ta hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Kuɗin shigar jihar na cikin gida ya tashi daga ƙasa da naira biliyan 14 a 2015 zuwa sama da biliyan 50 a 2020. A 2017 kamfanin Olam ya buɗe masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasar 'yan tsaki a ƙaramar hukumar Chikun, kan hanyar Abuja. Rahoton Bankin Duniya na 2018 kan sauƙin kasuwanci a jihohin Nijeriya ya sa Kaduna a gaba wajen samun ci gaba.

Amma sauye-sauyen sun zo da raɗaɗi. A 2017 gwamnati ta sanar da sallamar malaman firamare 21,780 da ta ce sun faɗi jarrabawar cancanta. A watan Mayun 2021 kuma NLC ta shiga yajin aikin gargaɗi saboda rage ma'aikata, abin da ya tsayar da wutar lantarki da jiragen ƙasa da bankuna a jihar na tsawon kwana uku. Gwamnati ta ce albashi na cinye mafi yawan abin da take samu daga asusun tarayya.

Rancen dala miliyan 350 da Bankin Duniya ya amince wa jihar a 2017 shi ma ya jawo taƙaddama. Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a 2018, sai a majalisa ta gaba ya samu shiga. A 2024 Gwamna Uba Sani ya ce ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. Shi kansa rahoton sauƙin kasuwanci na duniya, Bankin Duniya ya daina fitar da shi a 2021 bayan da aka gano an taɓa alƙaluman wasu ƙasashe.

Fagen shari'a

A nan ne Nijeriya ta fi bambanta da Amurka. Hukuncin kotun ƙoli na 1981 a shari'ar Sanata Abraham Adesanya ya daɗe yana taƙaita damar shigar da ƙara ga wanda abin bai shafe shi kai tsaye ba. Sai a 2018, a ƙarar da wata ƙungiyar kare muhalli ta shigar da kamfanin NNPC, kotun ta faɗaɗa wannan dama ga ƙungiyoyi masu zaman kansu.

Duk da haka, manyan shari'o'in tattalin arziƙi gwamnatocin jihohi ne ke shigar da su. Jihar Ribas ta yi nasara a babbar kotun tarayya a 2021 kan ikon karɓar harajin VAT, aka kuma ɗaukaka ƙara. A 2023 jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai gwamnatin tarayya kotun ƙoli kan sauya fasalin naira, kotun kuma ta ba su gaskiya a watan Maris na shekarar.

Abin da ke gaba

Muhawarar ba baƙuwa ba ce ga al'ummar Musulmi. Malaman fiƙihu sun daɗe suna tattauna halaccin ƙayyade farashi da haramcin ɓoye kaya. Ibn Khaldun ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa tsananta haraji kan kashe himmar 'yan kasuwa har kuɗin shigar hukuma ya ragu, kuma shugaban Amurka Ronald Reagan ya kafa hujja da shi a 1981.

Abin da ya sauya shi ne girman ikon da ke hannun jihohi. Gyaran tsarin mulki na watan Maris ɗin 2023 da dokar lantarki ta watan Yunin shekarar sun ba su damar kafa kasuwannin wutar lantarkinsu da hukumomin da za su sa ido a kai. Wannan aiki ne mai buƙatar ƙwarewar da majalisun jihohi da dama ba su da ita, ga shi kuma akasarin muhimman ƙudurori daga fadar gwamna suke fitowa. Ke nan duk wanda ya zo da daftari a shirye, cibiya ce ko kamfani ko mai ba da rance, shi ke da babbar dama.

Saboda haka, ga mazauna Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha, sanin wanda ya rubuta daftarin doka, da wanda ya ɗauki nauyin binciken da aka dogara da shi, da kuma ko an saurari ra'ayin jama'a kafin a zartar, ya zama daidai da sanin abin da dokar ta ƙunsa. Wutar lantarkin da rashinta ya taimaka wajen rufe masaƙun, a yanzu jihohi na da ikon yin doka a kanta, kuma a nan ne za a ga ko sabbin manufofin za su iya maido da ayyukan yi kudancin kogin.