Amshi Ya Riga Karaoke: Waƙoƙin Da Suka Dace Dattawanmu Su Rera Tare

Wani baffana, ƙanen mahaifina, ya bar ƙauyensu da ke kusa da Duza ya koma garin Anka tun lokacin da 'yan bindiga suka hana noma a yankin. A da shi ne mai raha a majalisa, amma da ya dawo birni sai ya koma ba ya cewa uffan. Daga masallaci sai tabarma, daga tabarma sai barci. Mun ɗauka tsufa ne kawai. Wani dare jikansa ya kunna waƙar Musa Ɗanƙwairo a waya ya jona ta da 'yar sifika mai caji. Da 'yan amshi suka karɓa, sai muka ji muryar tsoho ta bi su, ba kuskure ko ɗaya. Da waƙar ta ƙare ya dubi yaron ya ce, "Kai ɗan nan, maido ta." Kafin mako ya zagayo, tsofaffi biyar ke taruwa a zauren bayan sallar isha'i. Abin da na gani a zauren nan ya sa na ɗauki alƙalami.

Matasanmu da ke zuwa Abuja da Kano sun san abin da ake kira karaoke: na'ura ta saki kiɗa ba muryar mawaƙi, baitoci na fitowa a allo, mutum ya ɗauki makirfo ya rera. Kalmar ta Japananci ce, ma'anarta kiɗan da ba kowa a cikinsa, kuma wani makaɗi mai suna Daisuke Inoue ne ya shahara da ƙera na'urar a birnin Kobe a 1971. A Ingila ma ƙungiyar Alzheimer's Society tana tara tsofaffi masu ciwon mantuwa su rera waƙa tare, domin an lura cewa waƙar ƙuruciya tana daɗewa a ƙwaƙwalwa bayan sunaye da ranaku sun gushe.

Mu kuwa ba mu jira Japan ba. Waƙar baka ta Hausa an gina ta ne da gurbin jama'a a cikinta: jagora ya kawo ɗa, 'yan amshi su mayar da gindin waƙa. Duk wanda ya san gindin ya samu wurin shiga, ko da bai taɓa riƙe kotso ba. Allon karaoke ma ba zai amfani yawancin dattawanmu ba, domin da yawansu ajami suka iya, wasu kuma ido ya yi rauni. Abin da suke bukata shi ne waƙar da suka riga suka haddace, da wanda zai ja musu gaba. Saboda haka zaɓen waƙa shi ne ginshiƙin zaman.

Ma'auni na farko shi ne zamani. A nemi abin da mutum ya ji yana saurayi ko budurwa. Wanda ya haura shekara saba'in a yau ya tashi ne a zamanin da Rediyon Kaduna ke watsa Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Sa'idu Faru, sannan rikoda mai kaset ta shigo da Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Yawancin makaɗan fadan nan 'yan ƙasar Zamfara da Gobir ne, kuma da karin harshen yamma suke waƙa. Yaron Kano zai yi ta tambayar ma'anar kalma, amma tsohon Gummi ko Bukkuyum yana jin Hausar mahaifiyarsa ce.

Ma'auni na biyu shi ne sauƙin amshi da tsawon numfashi. Bakandamiyar Narambaɗa, wadda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu, tana da zurfin hikima, amma ɗiyanta masu tsawo sun fi dacewa da sauraro da sharhi. Waƙoƙin Shata sun fi sauƙin shiga, domin amshinsu gajere ne kuma yana dawowa akai-akai. Waƙoƙin noma na Ɗan'anace suna motsa manoma, sai dai a sassauta, kada a bar mai hawan jini ya yi ta ɗaga murya. Waƙoƙin Ɗanmaraya Jos na kuntigi ba su da 'yan amshi, don haka sun dace da mutum ɗaya mai murya ya rera, sauran su saurara su yi dariya.

Ma'auni na uku, wanda na fi jin tsoron a yi sakaci da shi, shi ne abin da waƙa ke tonowa. A wani dare yaron ya kunna waƙar Gambu mai waƙar ɓarayi, a zatonsa abin dariya ne. Wani dattijo da aka kore wa shanu gaba ɗaya ya miƙe, ya saka takalmansa, ya fita ba sallama. Sai da baffana ya taka har gidansa sau biyu kafin ya dawo. Waƙar da aka yi wa dariya shekaru arba'in da suka wuce, yau tana iya zama gishiri a kan gyambo. Haka waƙoƙin siyasa na zamanin NPN da PRP, da waƙoƙin fada masu zambo ga 'yan sarki, domin jikokin waɗanda aka yi wa zambon suna nan cikinmu. Waƙoƙin yara kuma a yi hattara da su a ƙauyuka irin su Duza da Bagega da Dareta da 'Yargalma, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan ƙananan yara a 2010. Akwai kakar da waƙar reno za ta sanyaya wa zuciya, akwai wadda za ta hana ta barci. A tambaye su tukuna.

Kada a manta da iyayenmu mata. Su ne suka fi kowa sanin rera waƙa tare, daga waƙar daka da niƙa zuwa kiɗan ƙwarya a gidan biki. Injin niƙa ya kashe waƙar dutse, hijira kuma ta raba maƙwabtan da ke haɗuwa a bakin turmi. Waƙoƙin amada na Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, suna iya tara su a tsakar gida, ba namiji a wurin, da ƙwarya biyu da ruwa a baho. A nan ba a bukatar ko waya.

Na san akwai masu cewa dattijon da ya kusa kabari tasbaha ta kamace shi, ba waƙa ba. Ina girmama wannan ra'ayi, kuma ba na kiran kowa ya bar wuridinsa. Amma wanda ba ya son kiɗa yana da taska mai faɗi: Imfiraji ta Aliyu Namangi, waƙoƙin Nana Asma'u waɗanda 'yan taru suka riƙa kai wa matan karkara tun ƙarni na 19, da Ishiriniya da ake rerawa a watan Mauludi. Duka ana yin su da murya zalla, kuma a taro. Malamanmu na jihadi da kansu sun zaɓi waƙa don isar da ilimi, saboda sun san ita ke zama a zuciya.

Akwai wata riba kuma. Idan tsoho ya rera, yakan tsaya ya yi bayani: wane ne wannan sarki, ina ne wannan gulbi, mece ce ma'anar wannan kalma. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi aiki babba wajen tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, amma waƙoƙin daɓe da na gayya da na 'yan mata a dandalin ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum yawancinsu suna cikin kawunan mutanen da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ina kira ga ɗaliban Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Ilimi ta Maru su shiga irin waɗannan zauruka da wayoyinsu, su nemi izini, su naɗa. Masu tura waƙoƙi a kasuwa su ma su ware memori na dattawa, a tsara shi da shawarar dattawan.

Waƙa ba za ta mayar da baffana gonarsa ba. Wannan nauyi yana kan hukuma, kuma ba za mu daina tuna mata ba. Amma kafin ranar ta zo, mutumin da ya yi shiru shekara biyu yanzu yana gardama da abokansa kan wanda ya fi iya jan amshi. Duk mai tsoho a gida ya tambaye shi waƙar da ake yi a garinsu yana saurayi, ya nemo ta, ya zauna kusa da shi ya karɓa masa. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa.