Rediyon Tsohuwar Fijo da Maƙiyanta a Fadamar Auyo

Tun daga 1975, lokacin da aka fara haɗa Peugeot 504 a Kaduna, wannan mota ta zama dokin ƙarfen Arewa. Har yanzu akwai masu riƙe da ita, sai dai sau da yawa rediyonta ta asali ta yi shiru. A wuri irin Auyo, inda kogin Haɗeja ya yi ambaliya a 2018 da 2020, rediyon da ke kawo gargaɗin ruwa ba abin wasa ba ce.

Babban maƙiyin rediyo a fadama shi ne danshi. Yana sa bakin wayoyin tagulla ya yi kore, wuta ta kasa wucewa, funfuna kuma ta ci takardar lasifika. Ga ɓera yana gaigayar waya domin haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, ga kyankyaso yana neman ɗumi da duhu, zanzaro kuwa ya gina ɗakin laka a motar da ta daɗe a ajiye.

Saboda haka mai gyara na ƙwarai yakan fara da abu mai sauƙi. Yakan duba fis, ya auna ko wutar batir mai bolt 12 tana isa, sannan ya kankare tsatsa inda wayar at ta haɗu da jikin mota. Idan muryar tana shashshaka, sai ya duba eriya. Idan kuwa ƙarar tana ƙaruwa da zarar an taka totur, laifin yakan kasance na fulogi ne ko janareton caji. Bayan wannan ne ake buɗe rediyon a sauya kwandansa, domin ruwan cikinsu yakan bushe da tsufa.

Abu biyu ne haɗari. Na farko, kunna rediyon da ta jiƙe kafin a wanke lakar ta bushe sarai. Na biyu, naɗa zaren waya a madadin fis, wanda kan jawo gobara.

Wasu tsofaffin rediyoyin ba sa kama zangon FM, wato megahaz 88 zuwa 108. Ana iya ɓoye musu ƙaramar na'urar FM ko Bluetooth a bayan dashbod ba tare da an ɓata fuskarsu ba. Ashe dai da tsohuwar zuma ake magani.