Inda Mai Son Barin Giya Zai Sami Abokan Taimako

Ba kasafai akan yi zancen shan giya a fili cikin jama'armu mazauna ƙasashen waje ba. Ɗalibi ko ma'aikacin da barasa ta kama a Landan ko Niyok yakan ɓoye wa liman, ya ɓoye wa iyalinsa, har likita ma ya ɓoye masa, don gudun kada labari ya kai gida. Alhali kuwa a yawancin manyan biranen nan akwai tarukan da aka kafa tun farko bisa rufin asiri, kuma gano su ba wuya.

Mafi shahara a ciki su ne na ƙungiyar Alcoholics Anonymous, watau mashayan da ba a bayyana sunayensu, wadda akan taƙaita da AA. An haife ta a shekara ta 1935 a garin Akron na Amurka, sa'ad da wani dillalin hannun jari, Bill Wilson, ya haɗu da wani likitan fiɗa, Bob Smith. Dukansu giya ta galabaitar da su. Suka lura cewa mashayi ya fi sauraron wanda ya ɗanɗana irin azabarsa bisa ga mai yi masa wa'azi daga nesa. A 1939 suka fito da littafin da ya ƙunshi matakai goma sha biyu da ƙungiyar ke bi, a 1947 kuma aka yi taron farko a Landan.

To, yaya ake samun taron? A da, sai a buɗe littafin lambobin tarho. Yanzu a ƙasashe da yawa ƙungiyar tana da shafi a intanet inda mutum zai rubuta sunan garinsu a nuna masa rana da sa'a da wuri, akwai kuma manhajar waya mai suna Meeting Guide. A Ingila akwai layin tarho na kyauta, kuma masu amsawa mambobi ne da suka daina sha. Likitan unguwa ma ya san inda ake zama. Wanda ke inda babu taro kusa, ko inda shan giya laifi ne a doka, yana iya shiga ta bidiyo, hanyar da ta yawaita tun annobar korona ta 2020.

A kan jerin za a ga taro iri biyu. Buɗaɗɗe, kowa na iya zuwa, har ɗan'uwa mai rakiya. Rufaffe kuwa na masu fama da shan ne kaɗai. Ba a cika takarda, ba a biyan kuɗin shiga, sharaɗi ɗaya ne: son daina sha. Mutum zai faɗi sunansa na fari kawai, in ya ga dama ma ya zauna shiru har a tashi. Zama yakan ɗauki sa'a guda ko ɗaya da rabi, kowa na ba da labarin kansa ba tare da an katse shi ba. Akan zagaya da ƙwarya a jefa abin da ya sawwaƙa domin hayar ɗaki da shayi, gama ƙungiyar ba ta karɓar gudummawa daga waje. Daga baya sabon shiga yakan zaɓi wani da ya daɗe da dainawa ya zama jagoransa, wanda zai kira in sha'awa ta taso da tsakar dare.

Abin da ke sa Musulmi da yawa ja da baya shi ne ganin ana zama a ɗakunan coci. Haya ce kawai ake yi saboda araha. Ƙungiyar ba ta wani addini ba ce, ko da yake matakanta suna maganar dogara ga Ubangiji gwargwadon fahimtar kowa, wasu tarukan Amurka kuma sukan rufe da addu'ar Kirista. Wanda hankalinsa bai kwanta ba yana da zaɓi. A 1989 Musulmi a birnin Baltimo suka kafa Millati Islami, suka daidaita matakan da koyarwar Musulunci, sai dai rassanta kaɗan ne. Akwai kuma SMART Recovery, ta 1994, wadda ba ruwanta da addini, ilmin halayyar ɗan Adam ta dogara a kai. Matar mashayi da 'ya'yansa ma suna da nasu taron, Al-Anon, tun 1951.

Shin abin yana aiki? A 2020 masana na cibiyar Cochrane suka auna bincike 27 da suka shafi mutane fiye da dubu goma, suka iske cewa shirye-shiryen da ke kai mutane AA bisa tsari sun yi daidai da sauran magunguna na shawara, wajen barin sha ɗungurungum ma sun fi su. Ba kowa ne ke dacewa ba, kuma kowane taro da irin mutanensa, don haka akan shawarci baƙo ya gwada wurare da dama kafin ya yanke hukunci.

Amma fa taro ba asibiti ba ne. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, in ya tsaya farat ɗaya, jikinsa na iya ɗaukar rawa, ya yi farfaɗiya, bayan kwana biyu zuwa uku kuma ya shiga ruɗewa mai iya kisa. Irin wannan mutum ya fara ganin likita tukuna, a ba shi magani a sa masa ido cikin kwanakin farko, sa'an nan ya nemi ɗakin taro.