Sake Girka Uwar Manhaja da Maido da Fayiloli Daga Ajiya

Kowace kwamfuta tana aiki ne bisa wata babbar manhaja wadda ke sarrafa sauran manhajoji, kamar Windows ko Linux, kuma ita ce ake nufi da uwar manhaja a cikin wannan bayani. Yau da gobe takan yi nauyi, ko ƙwayar cuta ta shige ta, ko kuwa masu ita su janye hannu daga gare ta, kamar yadda kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Idan haka ta faru, akwai hanyoyi biyu. Ana iya ɗora sabuwa a kan tsohuwa, kamar mai yi wa tsohon ɗaki yaɓe. Ana kuma iya share faifan ajiya ƙaƙaf a girka sabuwa, kamar mai rushe ɗakin ya sake gini. Hanya ta biyu ta fi kawar da matsala daga tushe, sai dai duk abin da aka bari a ɓangaren faifan da aka share ya tafi ke nan, ko da kundin digiri ne na shekara huɗu.

Saboda haka matakin farko shi ne ajiya, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙa'idar da masana suka fi yarda da ita ita ce ta 3-2-1: a mallaki kwafi uku na kowane fayil, a kan ma'adanai iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri dabam, domin gobara ko ɓarawo kada su haɗa duka. Haka nan wajibi ne a rubuta kalmomin sirri, da mabuɗin BitLocker mai lambobi 48 idan faifan a kulle yake.

Abin lura a nan shi ne, ajiyar da ba a gwada ba, ba ajiya ba ce. A shekarar 1998 wani umarni da aka bai wa kwamfuta a kamfanin Pixar na Amurka ya share mafi yawan fayilolin fim ɗin Toy Story 2. Da aka koma ga ajiyar kamfanin sai aka tarar ba ta cika ba. Abin da ya ceci aikin shi ne kwafin da ke cikin kwamfutar wata ma'aikaciya wadda take aiki daga gida saboda jego. Don haka kafin a share komai, a buɗe wasu fayiloli daga ajiyar a tabbata suna buɗuwa.

Mataki na biyu shi ne girkawa. Ana sauko da manhajar daga shafin masu ita, a zuba ta a filashi mai aƙalla gigabait 8, a tayar da kwamfuta daga filashin. A wannan lokaci a cire faifan ajiyar daga jikin kwamfuta, domin kada a share shi bisa kuskure. A kuma tabbata batir a cike yake, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki kan tilasta a sake farawa.

Mataki na uku shi ne maidowa, kuma yana da tsari. Da farko a sabunta manhajar ta intanet, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan a girka manhajojin aiki sababbi daga tushensu, sannan a kwafo fayiloli bayan an bincike su, don kada cutar da aka kora ta dawo ta ƙofar baya.

Daɗin daɗawa, marubutan Hausa suna da wata matsala tasu. Takardun da aka buga da tsofaffin samfuran haruffa, waɗanda ba su bi tsarin Unicode ba, sukan rasa ɓ da ɗ da ƙ idan ba a maido da samfurin ba, har ƙasa ta rikiɗe ta koma wata alama marar ma'ana. Ya kamata a adana samfuran tare da takardun.

A ƙarshe, kada a taɓa tsohuwar ajiyar sai an yi makonni ana aiki, an tabbata babu abin da ya ɓace.